Kashi Nawa Aka Ɗauka? Matsalar Auna Aikin Mayar da Kayan Tarihi Cikin Na'ura

Duk lokacin da wani gidan tarihi ko ɗakin karatu ya tara 'yan jarida ya sanar da cewa ya ɗauki hoton shafi dubu kaza na tsofaffin takardu ya zuba a kwamfuta, akan tafa masa, a buga labari, kowa ya kama gabansa. Da wuya a sami wanda zai tambaya ko dubu kazan nan daga cikin nawa ne, ko wa ya ƙirga abin da ya rage, ko kuma ta yaya ɗalibin da ke neman wata takarda zai gano ta a cikin wannan tarin hotuna. Tambayoyin nan suna da nauyi, domin da irin wannan adadi ake neman kuɗi wurin gwamnati da masu ba da tallafi, da shi ake yanke hukuncin cewa wannan cibiya ta yi ƙoƙari waccan ta yi barci, da shi kuma jama'a ke kwantar da hankalinsu cewa an tsirar da gadon kakanninsu. A ganina yawan hotuna shi ne mafi rauni a duk ma'aunan wannan aiki, kuma cibiyar da ba ta san abin da ke ɗakunan ajiyarta ba, ba ta da bakin faɗin inda ta kai. Awon gaskiya daga fihirisa yake farawa, wato cikakken jerin abin da aka mallaka tare da bayanin kowane ɗaya, sauran ma'aunai duk a bayanta suke.

Turawa sun daɗe da cin karo da wannan matsala, don haka yana da kyau a dubi yadda ta kaya da su. Bayan ƙasashen Tarayyar Turai sun shafe shekaru suna kashe kuɗi wajen mayar da littattafai da zane-zane da takardu zuwa tsarin dijital, sai Hukumar Tarayyar ta ga ba ta da wani adadi da za ta riƙe ta ce ga inda aka kwana. Ta ɗauki nauyin wani bincike mai suna NUMERIC daga 2007 zuwa 2009, daga baya shirin ENUMERATE ya gaje shi a 2011, ya riƙa aika tambayoyi ga gidajen kayan tarihi da ɗakunan karatu da ma'adanun takardu da na sauti, har zagaye huɗu tsakanin 2012 da 2017. A zagayen 2017, wanda cibiyoyi kusan dubu suka amsa, matsakaicin abin da suka ce sun ɗauka shi ne kashi 22 cikin 100 na kayansu. Fiye da rabi yana jiran a ɗauka, ragowar kuma sun ce ba ya bukata. Gidajen kayan tarihi ne a gaba, ma'adanun takardu kuwa suna can baya da kusan kashi ɗaya bisa goma. Wannan a nahiyar da take da kuɗi da ma'aikata a wannan fanni ke nan, nahiyar da ta buɗe dandalin Europeana tun watan Nuwamba na 2008, dandalin da yanzu yake nuna abubuwa fiye da miliyan 50. Wanda ya ji miliyan 50 zai ɗauka an kusa gamawa. Wanda ya ji kashi 22 zai san ba a ko kai tsakiya ba. Duka adadin biyu daga aiki ɗaya suka fito, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda zaɓen ma'auni yake juya labari.

Shi kansa kashi 22 ɗin bai kamata a haɗiye shi ba tare da tauna ba. Amsa tambayoyin ganin dama ne, kuma a bisa al'ada cibiyar da ke da abin nunawa ita ke saurin cike takarda, wadda ba ta fara komai ba ta yi shiru. Adadin kuma ƙiyasi ne na ma'aikatan cibiyar da kansu, babu wanda ya je ya ƙirga musu. Sai babbar matsalar da ta wahalar da masu binciken tun farko, wato rashin mudu ɗaya. Ɗakin karatu da mujalladi ko sunan littafi yake ƙirga, ma'adanar takardu da tsawon kanta a mita, ma'adanar sauti da awoyi, gidan kayan tarihi da guda-guda. Littafi mai shafi ɗari shida abu ɗaya ne, tsabar kuɗi ɗaya ta zamanin da ita ma abu ɗaya ce, amma ɗaukar na farko aikin yini ne, na biyun na 'yan mintoci. In aka haɗa su a jimla guda, an sami lamba, amma ba a sami ma'ana ba. Abin da ya fi jan hankalina a binciken wani adadi ne da ba a cika ambatonsa ba: kashi 58 cikin 100 ne kawai na kayan aka shigar da bayaninsu a rajistar kwamfuta. Ma'ana, ko a Turai, wani babban yanki na abin da ake cewa an ɗauki kashi kaza daga cikinsa ba a gama jera shi ba ma tukuna. Wanda ya ce ya auna rabin hatsin rumbu alhali bai taɓa leƙawa ya ga iyakar rumbun ba, abin da ya sani kawai shi ne yawan mudun da ya fitar.

Kada a ɗauka wannan lissafin malamai ne da ba ya taɓa kowa. A watan Agusta na 2023 Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan, mai kaya kusan miliyan 8, ya amsa cewa abubuwa kusan 2,000 sun ɓace, ko an sace su, ko an lalata su, yawancinsu ƙananan duwatsu masu daraja da kayan ado. Abin da ya ba ɓarnar damar ɗaukar shekaru ba a farga ba shi ne da yawa daga cikin kayan ba su da cikakken bayani a rajista, wasu ba su da hoto. Shugaban gidan, Hartwig Fischer, ya ajiye aiki, kuma a watan Oktoba hukumar gidan ta sanar da shirin shekara biyar na shigarwa ko gyara bayanai kusan miliyan 2.4. Wannan gida yana cikin waɗanda suka fi kowa zuba hotuna a intanet, kuma da yawan hotuna ake auna shi da ya fito cikin na gaba. Ramin yana wurin da ma'aunin bai duba ba.

In aka juyo ga littattafan hannu na Afirka ta Yamma, matsalar mudu ta ninka. Littafinmu na gargajiya ba ɗinke yake ba. Warwarar takardu ne a tsakanin tadarishi, a ɗaure, a saka a gafaka, kuma abin da ke riƙe jerin shafuka sau da yawa shi ne kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba. Gafaka ɗaya tana iya ƙunsar littafin fiƙihu, da waƙar wa'azi ta ajami, da wasiƙa, da takardar rabon gado, da laƙanin magani. Wannan abu ɗaya ne ko biyar? In takardun littafi ɗaya sun rabu tsakanin magada uku, littafi ɗaya ne ko uku? Daga nan ne saɓanin alƙaluman Tumbuktu ya samo asali, inda za ka ji wani ya ce rubuce-rubucen dubu ɗari uku ne, wani ya kai su dubu ɗari bakwai, domin a wurin wani takarda guda ma rubutu ce mai lambarta. Bayan rikicin 2012 da 2013, lokacin da aka ƙona ko aka kwashe kusan 4,000 a Cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu, aka kuma fitar da ɗaruruwan dubbai a ɓoye zuwa Bamako ƙarƙashin jagorancin Abdel Kader Haidara, an yi gagarumin aikin ɗaukar hoto. A 2022 kamfanin Google ya buɗe wani dandali mai shafuka fiye da 40,000 daga cikinsu. Aiki ne mai kyau, amma mai karatu ya lura: wancan adadin na rubuce-rubuce ne, wannan na shafuka, kuma ba a raba ɗaya da ɗaya a fitar da kashi.

Mu ma nan muna da rumbuna manya: Gidan Arewa a Kaduna da aka kafa a 1970, Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, gidan tarihi na Jos, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, hukumar tarihi da al'adu ta Kano, tarin jami'o'in Zariya da Kano da Badun, sai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, mai kusan 4,000, wanda ya ginu a kan abin da Boubou Hama ya tara. An yi ƙoƙarin jera wasu daga cikinsu: gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta buga fihirisar na Kaduna da na Yamai, masani John Hunwick kuma ya fitar da mujalladinsa kan marubutan wannan yanki a 1995. Duk da haka babban kaso na littattafan yana hannun zuri'ar malamai da alƙalai da sarakuna, a cikin adaka da kwali da buhu. Saboda haka ko da kowace cibiya ta ɗauki duk abin da ke hannunta ta ce ta kai kashi 100, wannan kashi 100 ne na abin da ya shigo ƙofarta kawai. Ma'auni mai gaskiya dole ya faɗi wace iyaka ya shata wa kansa.

Akwai kuma illar da ma'auni yake yi wa aikin da yake aunawa. In aka gaya wa ma'aikaci cewa da yawan shafuka za a yaba masa, hannunsa zai kai ga abin da ya fi sauƙin ɗauka: littafi mai tsabta, mai girma ɗaya, wanda takardunsa ba su manne ba. Kwafin Ishiriniya da Risala da Ahalari da Dala'ilu sun cika gidajen malamai, kuma ɗaukarsu yana hanzarta lissafi. Wasiƙar wani sarki zuwa ga wani, ko rajistar kotun alƙali, ko waƙar wata malama da babu kwafinta a ko'ina, wadda gara ta ci gefenta har sai an yi kwana biyu ana lallaɓa ta kafin ta buɗu, ita ce za ta jira. Ba ina cewa maimaitattun kwafi ba su da amfani ba. Sau da yawa darajarsu tana gefen shafi, inda ɗalibi ya rubuta fassarar malaminsa da Hausa ko Fulatanci, kuma daga irin wannan rubutun gefe na tsofaffin Alƙur'anan Barno ne masana suka gano tsohon harshen Kanembu. Amma wannan ma hujja ce a kan ƙirgen shafi, domin sai wanda ya karanta ya rubuta bayani ne zai san wane kwafi ne yake ɗauke da irin wannan taska.

Bayan fihirisa, tambaya ta biyu ita ce ko abin da aka ɗauka yana samuwa, kuma ga wa. Hoton shafin ajami a wurin kwamfuta hoto ne kawai, ba ta san abin da ke ciki ba, kuma na'urorin gane rubutu ba su ƙware a rubutun hannu irin namu ba. In ba a rubuta sunan littafi da mawallafi da harshe da maudu'i ba, an dai sauya wa takardar wurin ɓuya ne daga gafaka zuwa faifai. An daɗe ana jefa rubutun ajami cikin jerin Larabcin da ba ya karantuwa saboda mai jerawar bai ji harshen ba. Aikin da Jami'ar Boston ta yi a ƙarƙashin Fallou Ngom ya nuna wani mataki daban, domin a wasu rubuce-rubucen Hausa da Fulatanci da Wolof da Mandinka an haɗa hoto da juyi zuwa boko da fassara. Shafi ɗari da aka yi wa haka sun fi shafi dubu goma marasa suna amfani ga ɗalibi, amma ma'aunin yawan hotuna zai ce na biyun ya ninka na farko sau ɗari. Sannan ga batun wanda aka yi domin shi. Tarin da bayaninsa da Ingilishi kawai yake, hotunansa kuma masu nauyin da sai babbar intanet, a rufe yake ga malamin zaure a Zinder ko Katsina da ke riƙe da ƙaramar waya, ko da kuwa kakansa ne ya rubuta littafin.

Tambaya ta uku ita ce ɗorewa, kuma a nan ne kalmar an adana ta fi yaudarar mutane. A ƙarshen Oktoba na 2023 masu kutse suka afka wa Ɗakin Karatu na Birtaniya, suka durƙusar da na'urorinsa. Cikin abubuwan da suka ɓace daga intanet tsawon watanni har da dandalin shirinsa na ceto ma'adanun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004, mai hotuna fiye da miliyan 10, ciki har da takardu daga ma'adanar Kaduna da waƙoƙin ajamin Fulatanci na zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ƙa'idar shirin ita ce a bar asalin takarda a ƙasarta, a kuma ajiye kwafin hotunan a wata cibiya ta gida, kuma ranar irin wannan ce take nuna ko kwafin na gida yana raye. A binciken Turai na 2017, kusan kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai na cibiyoyin suke da rubutaccen tsari na kula da abin da suka ɗauka na dogon lokaci. Mu kuma mun taɓa bin wannan hanya: tun 1964 cibiyoyin Badun da Zariya suka riƙa aron littattafai daga malamai suna ɗaukarsu a siririn fim suna mayarwa. Irin wannan fim zafi da danshi suna cinye shi, na'urar karanta shi kuma ta yi wuya. Haka kaset da faifan zare na gidajen rediyo, inda muryoyin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata suke: a 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'adanun sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa wajen 2025 injinan kunna su da kayan gyaransu za su yi ƙaranci ƙwarai. Hoton da yake kan faifai ɗaya a aljihun tebur ɗin wani jami'i bai cancanci a ƙirga shi daidai da wanda yake da kwafi uku a wurare uku ana duba lafiyarsa duk shekara ba.

Mai suka zai ce duk wannan jinkiri ne, gara kuwa ba ta jira. Zai kawo gobarar gidan tarihi na Barazil ta ranar 2 ga Satumba, 2018, wadda ta cinye mafi yawan kaya kusan miliyan 20, har da naɗaɗɗun muryoyin harsunan da suka riga suka mutu, ya ce da babu gara ba daɗi, a ɗauki hoto yanzu a yi bayani daga baya. Akwai gaskiya a maganarsa, kuma inda yaƙi ko ambaliya suke bakin ƙofa, kyamara ce ta kamata ta riga alƙalami. Amma daga bayan nan da ake faɗa ba ta cika zuwa ba, domin kuɗin tallafi yakan ƙare ranar da aka ɗauki shafin ƙarshe, dattijon da ya san tarihin kowace gafaka kuma ba zai dawwama ba. Ban da haka, jerin farko ba ya bukatar tsada: lamba, suna in an sani, harshe, yawan takardu, halin da suke ciki. Wannan ɗan jeri shi ne zai nuna wace takarda ce ta fi kusa da hallaka, har a fara da ita. Gaggawar da ba ta da jeri takan ceci abin da ke saman adaka ne.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma daga masu littattafan take fitowa. Suna cewa jeri talla ce ga ɓarawo, sannan a cikin takardun akwai asirai da laƙani da maganganun nasaba da na gado da ba su shafi duniya ba. Wannan tsoro ba na banza ba ne, ganin yadda aka sha karɓar littattafai da sunan aro ba su dawo ba. Amsar ita ce ƙirgawa daban, bugawa daban. Iyali suna iya yarda a jera, a ɗauka, a ba su kwafi, amma a ɓoye wurin ajiya ko a hana fitar da wasu shafuka, kuma ma'auni mai hankali zai ware gurbin abin da aka ɗauka aka rufe bisa sharaɗin masu shi, ba zai lissafa shi a gazawa ba. Game da sata kuwa, abin da aka gani akasin tsoron ne. A 1987 ɓarayi sun kwashe kaya daga gidan tarihi na Jos, ciki har da kan tagulla na Ife, kuma da ya ɓulla a Turai bayan shekaru masu yawa, rajistarsa da hotonsa ne suka ba da damar cewa wannan na Jos ne. Abin da ba shi da bayani, in ya fita ya fita ke nan, domin babu ɗan sanda ko kotun da za ta karɓi da'awar abin da mai shi ba zai iya siffanta shi ba.

Suka ta uku ta masu riƙe da kuɗi ce: minista ko gidauniya lamba ɗaya suke so, ba za su zauna karanta dogon bayani ba. Ban yarda cewa sauƙi yana nufin lamba ɗaya tilo ba. Shirin Digital Benin da aka buɗe a Nuwamba 2022 ya isa misali. Bai yi alfahari da yawan hotuna ba, ya tsaya ne a kan tambayar ina kayan masarautar Benin suke, waɗanda akasarinsu sojojin Birtaniya suka wawashe a 1897, ya fito da amsa: abubuwa 5,246 a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, kowane da bayaninsa, da sunayen nau'o'insu a harshen Edo. Wannan adadi kowa yana gane shi, kuma ana iya aiki da shi, domin duk mai maganar dawo da kayan yanzu ya san daga cikin nawa yake magana. Haka nan ban goyi bayan a koma auna aiki da yawan masu buɗe shafi ba, kamar yadda wasu ke ba da shawara, domin hakan zai fifita abin da ya riga ya shahara, ya danne rajistar kotun da mutum biyar ne za su nema a shekara amma a cikinsu akwai mai rubuta tarihin gari.

Abin da ake bukata daga cibiyoyinmu bai fi ƙarfinsu ba. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da Ma'adanar Takardu ta Ƙasa, da hukumomin tarihi na jihohi, da jami'o'in da ke riƙe da littattafan hannu a Najeriya da Nijar, su zauna su amince a kan abin da za a kira rubutu ɗaya, domin lissafin Sakkwato ya iya zama kusa da na Yamai. Daga nan kowace ta riƙa fitar da shafi guda duk shekara, da Hausa da harshen gwamnati, tana faɗin abin da take da shi, da nawa aka jera, da nawa aka ɗauka cikakke, da nawa mutum zai iya nema ya samu, da nawa suke da kwafi a wani gari daban wanda aka buɗe aka tabbatar yana aiki. Cibiyar da ba ta san adadin farko ba ta rubuta cewa ƙiyasi ne, ta faɗi shekarar da za ta gama ƙirga. Masu ba da tallafi su ware kuɗin jeri da na malaman da suka iya karanta ajami a cikin kowane shiri, su daina biyan kuɗin kyamara kaɗai. 'Yan jarida kuma, ranar da aka sake tara ku aka ce an ɗauki shafi dubu kaza, ku tambayi jimlar da aka ɗebo su daga ciki kafin ku rubuta labarin.